Maganin gargajiya da gidan likita: me za mu riƙe, me za mu bari?

A Gidan Sori da ƙauyukanta, yaro in ya yi ciwo, sau da yawa hannun kaka, ungozoma ko wanzami yake fara isa kafin gidan likita. Tun taron Alma-Ata na 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda cewa masu maganin gargajiya suna da gurbi a kiwon lafiya matakin farko, muddin aka horar da su. Abin da ya rage mana shi ne tantance mai amfani daga mai cutarwa.

Abin riƙewa

Zogale, kuka, rama da tafasa abinci ne mai gina jiki. Daga wata 6, a zuba garin zogalen da aka shanya a inuwa cikin kunun yaro, tare da ƙuli-ƙuli ko garin wake, a ci gaba da ba shi nono har shekara 2. Amma zogale ba ya warkar da tamowa mai tsanani. Ita sai abincin magani na CSI.

Abin bari

Ɗauri ko ruwa kafin wata 6: suna cika cikin jariri, ya rage tsotso, nono ya ja baya, ga haɗarin zawo daga ruwa marar tsabta.

Cire belu: yana jawo zubar jini, ƙarfen na iya ɗauko cuta, kuma zafin maƙogwaro ya hana yaro cin abinci.

Zuma kafin shekara 1: tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.

Lokacin gaggawa

Uwa, ki auna damtsen yaronki daga wata 6 zuwa 59. Ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu: CSI a ranar. Rawaya ma a kai shi. Haka in yana jijjiga, ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya sha. In zawo ne, a kaɗa ƙunshin SRO ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a haɗa da zinc kwana 10 zuwa 14.

Ga masu faɗakarwa na gari

Kada ku kunyata uwa don ta bai wa ɗanta jiƙo. Wadda aka tsawata wa gobe ɓoyewa za ta yi. Ku tambaye ta cikin girmamawa abin da ya sha, da yawansa, ku sanar da ma'aikacin lafiya. Ku zauna da kakanni, wanzamai da ungozomomi, ku koya musu alamun nan, domin su ne suke fara ganin yaron.