Rage Ƙiba Lokacin Shayarwa: Ma'aunin Kuzari da Furotin

Jikin mai shayarwa yana kashe kimanin kalori 500 a kowace rana wajen samar da nono, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, don haka macen da ke son rage ƙiba a Maraɗi ba ta da hujjar horar da kanta da yunwa, musamman a watanni 6 na farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware don nonon uwa zalla. Abin da ya dace shi ne ta jira har an yi arba'in, sannan ta rage kaɗan-kaɗan, kada abincinta ya gaza kalori 1800 a yini, kada kuma raguwar nauyinta ta wuce rabin kilo a mako.

Furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka, shi ne ba a taɓawa, domin mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kusan giram 19 a kullum bisa abin da take ci a da. Wake, awara, ƙwai, ƙuli-ƙuli, fara da nonon jar akuyar Maraɗi duk suna cike wannan gurbi, haka ma kwaɗon zogalen da ake nomawa a Jiratawa. Inda ya kamata ragin ya faɗa shi ne sukarin fura da shayi, lemon kwalba da soye-soye. Kunun kanwa ma a sassauta masa, saboda gishirinsa yana wahalar da zuciyar mai jego.

Idan nauyin jariri ya tsaya a wurin awo, a Tibiri ne ko a birnin Maraɗi, to uwa ta dakatar da ragin, ta nemi shawarar ungozomar asibiti.