Saita Kafireta da Sensar Oksijin

Injin fetur yana ƙone mai sarai idan iska kashi 14.7 ta haɗu da mai kashi 1, bisa nauyi. Kunnen bakanike ba ya auna wannan, sensa ce ke yi. Ko tsohuwar Peugeot 504 ce, huda bututun salansa kusa da inji, ka ɗaura sensa mai mita.

Bari inji ya yi zafi tukuna. Mita ta nuna 12 yana silo? Mai ya yi yawa, kuɗinka ne ke bin hayaƙi, sai ka rage da sukurun kafireta. In ka take totur har ƙasa, 12.5 zuwa 13 ake nema. Ta haura 15? Mai ya yi kaɗan, bawul na iya ƙonewa, sa jet mafi girma.

Amma fa in bututun yana yoyo kafin sensa, ƙarya mita za ta yi maka.