Darasin kaka: magarya, tuffar ƙasarmu

Ruwa ya ɗauke, hatsi ya shiga rumbu. Amma kada ka ce aiki ya ƙare. Akwai sauran amfani guda a gonarka, wanda ba ka shuka ba, ba ka yi masa noma ba. Shi ne ƴaƴan magarya. Daga Damana har Filinge, cikin Dallol Boso da ƙasar Kurfai, tana nan a gonaki da bakin fadama. Kowace shekara ƴaƴanta masu yawa suna zubewa, tsutsa ta ci, awaki su ƙarasa. In bazara ta zo kuma, sai ka saye su da tsada a kasuwa. Karanta darasin nan, ka karanta ma iyalinka.

1. Magarya iri biyu ce

Tuffar da kake gani a kasuwannin Yamai, wadda ake ce ma pom, daga ƙasashen waje ake kawo ta. Itacenta yana son sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, mu kuwa ba mu da irin wannan sanyi. Magarya ita ce ta san ƙasarmu. Saiwarta tana nutsewa nesa, fari ba ya kashe ta da sauƙi.

Akwai ta gida, mai ƙananan ƴaƴa. Akwai kuma mai aure, wadda asalinta daga Indiya yake. Ma'aikatan binciken noma na ICRISAT, a Sadore kudu da Yamai, sun yaɗa ta a farkon shekarun 2000, ana kiranta tuffar Sahel. Cikin irinta akwai Gola da Umran. Ɗanta ya kai girman goro, yana da ruwa da zaƙi. Ɗanyen ɗan magarya yana da bitamin C da yawa, abin da ke ƙarfafa dasashi, yana taimakon jiki wajen warkar da rauni. Ka bar yara su ci.

2. Tsinka

Ƴaƴan suna nuna daga kaka zuwa cikin ɗari, ba rana ɗaya ba. Duba launi: kore bai yi ba, rawaya ya kusa, ja ya nuna.

Ta gida: shimfiɗa tabarma ko tsohon zane a gindinta, ka girgiza rassan. Wanda ya nuna shi zai faɗo. Kada ka bubbuge ta da sanda, don za ka zubar da ɗanyu. Kada ka sare reshe. Ka koma bayan kwana uku ko huɗu.

Mai aure: da hannu ake tsinkar ta, da safe, sa'ad da ta fara rawaya. Zuba cikin kwando a inuwa, ba cikin buhu ba, don kada ta murƙushe. Ba ta jimre ajiya, kwana kaɗan ne. In za ka kai ta kasuwar Balleyara ta Lahadi, ka tsinka ranar Asabar.

3. Tsincewa

Wani ƙaramin ƙuda yana huda ɗan, ya saka ƙwai a ciki. Ƙwan ya zama tsutsa, tsutsa ta faɗa ƙasa, ta sake fitowa ƙuda. Don haka duk ɗan da ka ga ya huje ko ya ruɓe, ware shi. Kada ka bar shi a gindin itace. Haƙa rami mai zurfin rabin mita, ka binne. Rigakafi ya fi magani.

4. Shanya

Shanya a kan tabarma mai tsabta, bisa rumfa, inda kaji da awaki ba su kai. Baza su, kada su hau juna. Ka riƙa juyawa sau biyu a yini. Da almuru a kwashe, saboda raɓa. Ta gida takan yi mako ɗaya ko fiye. In ka matsa ɗan ba ka ji laushi ba, in ka girgiza ƙwarya ka ji yana ƙara, to ya bushe.

Mai aure tana da ruwa da yawa. Yanka ta, cire ƙwallon, rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda, sannan ka shanya.

5. Ajiya

Zuba cikin tulu ko bido busasshe, ka cika shi, ka toshe bakin sosai. Kada ka yi amfani da wanda aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki. In buhu ne, ɗora shi kan itace, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ka duba buhun sau ɗaya a wata. In ka ga gari a gindinsa, ƙwari sun shiga: a sake shanyawa.

6. Akuri

A daka busassun ƴaƴan a turmi, sannu sannu, don kada ƙwallon ya fashe. A tankaɗe da rariya. A yayyafa ma garin ruwa kaɗan, a danna shi cikin ƙaramin ƙoƙo, a turara. In ya huce a ƙara shanya shi. Akuri yana daɗewa. Guzuri ne ga matafiyi, abin sayarwa ne ga uwargida.

7. Tanadin baɗi

Ƙwallon mai aure, in ka shuka shi, babu tabbas ya ba ka manyan ƴaƴa. Sai an yanko reshenta an aura ma ta gida. Saboda haka, wajen sassabe, kada ka share magaryar gonarka duka. Bar masu ƙarfi, ka nemi ma'aikacin daji ko malamin gona ya nuna maka yadda ake aure. Bayan nan, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, cire shi, in ba haka ba ya shanye ƙarfin itacen. Cikin bazara, kafin ruwa ya sauka, a rage mata rassa, don a kan sabon toho take yin ƴaƴa. Ƙayar da ka sare ta isa shinge.

Tambayoyi don tattaunawa

Magarya nawa ce a gonarka?
Tiya nawa gidanka ya ajiye bara?
Wa ya iya aure a garinku, wa kuma zai je ya koyo?

Allah ya ba mu kaka mai albarka.