Ɗaukewar Sabar a Taskar 'Yan Sa Kai: Nazari a Kan AO3

Abin da wannan ɗan nazari ya ƙudura shi ne duba yadda taskar adabi wadda 'yan sa kai ke gudanarwa take jure wa ɗaukewar sabar, wato babbar kwamfutar nan da ke riƙe da rubuce-rubuce tana miƙa su ga duk mai nema ta intanet. An zaɓi Archive of Our Own, wadda aka fi sani da AO3, domin ta zama misali.

Ƙungiyar Organization for Transformative Works, wadda aka kafa a Amurka a 2007, ita ce ta buɗe wannan taska a watan Nuwamba na 2009. Masu sha'awa ne ke zuba labaran da suka ƙaga a kan taurarin littattafai da finafinai. Ba a talla a cikinta, da gudummawar masu karatu ake sayen na'urori.

Matsala ta farko daga farin jini ta taso. A 2012 wata taskar, FanFiction.net, ta share ɗimbin labarai, sai marubuta suka yi ƙaura zuwa AO3. Nauyi ya yi wa sabar yawa, har mai karatu ya riƙa cin karo da saƙon kuskure mai lamba 502 a maimakon labari. A nan masu kula suka yi dabara irin ta matuƙin kwalekwale idan lodi ya yi yawa: suka dakatar da hanyar tace labarai, wadda ita ce ta fi wahalar da na'ura, na tsawon watanni, don karatu kansa ya ci gaba. Sa'an nan tsarin shiga ta hanyar gayyata ya ba su damar ƙayyade yawan sababbin shiga. Masu karatu sun ƙosa, amma hukuncin daidai ne, domin taska marar matata ta fi taska rufaffiya.

Ta biyu kuwa hari ce. Ranar 10 ga Yuli, 2023, wani gungu mai kiran kansa Anonymous Sudan ya yi wa sabar ambaliya da buƙatun ƙarya har ta kasa amsa na gaskiya. Taskar ta yi fiye da yini guda a rufe kafin a dawo da ita a ƙarƙashin kariyar kamfanin Cloudflare. Abin lura shi ne, a duk tsawon wannan lokaci an riƙa sanar da jama'a halin da ake ciki ta Twitter, wato ta wata kafar da ba ta dogara da sabar da ta faɗi ba.

Akwai kuma abin da ya shafi manazarcin adabin Hausa kai tsaye, ganin cewa marubutan ƙagaggun labarai da dama yanzu a Wattpad da Facebook suke sakin ayyukansu. AO3 tana bai wa kowa damar sauke labari zuwa na'urarsa a tsarin EPUB ko PDF. Wanda ya sauke kafin ranar harin, bai rasa abin karantawa ba.