Yadda Ya Kamata A Koya Wa Yara Waƙa

Sau da yawa akan sami yaro ya shekara uku yana karatun waƙa, ya san baiti, ya san ɗango, ya san amsa-amo, amma in an ce ya tashi ya rera baiti guda sai ya yi tsuru-tsuru. Laifin ba nasa ba ne, na hanyar da aka bi da shi ne. Maganata a nan a kan yara ce masu shekara 12 zuwa 15, waɗanda a da akan ce da su 'yan Midil, yanzu kuwa 'yan ƙaramar sakandare. Abin da nake so malami ya riƙe shi ne, waƙa ta kunne take shiga, alli da allo daga baya suke zuwa.

Ga dalili. Karin rubutacciyar waƙar Hausa yana tafiya ne bisa gaɓoɓi iri biyu, mai nauyi da marar nauyi. To, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi, rubutunsu ɗaya ne, amma a baki gaɓar farko ta garin tuwo ta fi tsawo. A ajami akan sa alif a raba su, a boko kuwa babu. Saboda haka yaron da aka miƙa wa takarda aka ce ya karanta a zuci, an ɓoye masa rabin waƙar.

Mutanen da sun san wannan sarai. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, takan koya wa jajoji waƙoƙinta, su kuma su kai wa matan ƙauye da baki, har su hardace. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, duk da haka shi ya yi Imfiraji. Da ido ne ma'aunin waƙa, ai da bai yi ta ba.

To, ga yadda za a shirya darasi. Da fari malami ya zaɓi baiti huɗu ko biyar kaɗai, ya koyi rera su tun a gida. In muryarsa ba ta da daɗi kada ya ji kunya, gama kari ake nema, ba zaƙi ba. Ya rera sau biyu littattafai suna rufe, sa'an nan yara su amsa tare, suna tafi a hankali.

Na biyu, ya tambaye su, "Me mutumin nan yake faɗi, kuma da wa yake magana?" Ya bar su su faɗa da irin Hausarsu. Yaron da ya ce, "Malam, faɗa yake yi wa mai rowa," ya riga ya kama jigo, ko da bai taɓa jin kalmar ba. Sai malami ya ce, "Wace kalma ta nuna maka haka?" Nan nazari ya soma, watau yaro ya kawo hujja daga cikin baiti, ba daga bakin malami ba.

Na uku, a buɗe littafi, su nemo da kansu sautin da ke komowa a ƙarshen kowane baiti, su ƙirga ɗango, su ga ko 'yar ƙwar biyu ce ko 'yar ƙwar biyar. Sai yanzu za a rubuta sunaye a allo.

Na huɗu shi ne awo. Halilu ɗan Ahmadu, mutumin Basra, shi ya tsara ilmin aruli a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara ɗaya suka cika 16. Kada a jibga wa yaro su duka. A ba shi kalmomin da ya sani. "Talata" marar nauyi ɗaya ce da masu nauyi biyu, ita ce fa'ulun; in aka jera ta sau huɗu an sami Mutaƙarab. "Kasuwa" kuwa marar nauyin a tsakiya take, jerinta shi ne Mutadarak. Amma a lura, akwai waƙoƙin da suka ari karinsu daga waƙar baka, kada a matsa musu sai sun shiga ma'aunin Larabawa.

Daga ƙarshe kowane yaro ya yi ɗango biyu nasa, a kan ruwan sama ko ranar kasuwar garinsu, ya rera wa aji. Inda ya karye 'yan'uwansa za su ji tun malami bai yi magana ba. Ran da ka ga haka, malam, ka tabbata darasinka ya shiga.

Allah ya sa mu dace, amin.