Yadda Ake Renon Marubutan Littattafan Yara

Littafin yara mai hotuna shi ne ƙofar da yaro ke bi ya shiga karatu. Tun bai san baƙi ba yakan buɗe shafi ya ga akuya, ya ce akuya, har wata rana ya gane rubutun da ke ƙarƙashinta sunanta ne. Amma in kullum ya buɗe sai ya tarar da gidan da bai taɓa ganin irinsa ba, da abincin da ba a ci a garinsu, to, zai ɗauka karatu na waɗansu mutane ne. A ƙasar Hakimi guda akan sami Hausawa da Fulani da Barebari, ko Nufawa da Gbagyi, kowa da tatsuniyoyinsa, amma da wuya a sami mai mai da su littafi. Masu baiwar suna nan, mai renonsu ne ya yi ƙaranci. Don haka aka rubuta wannan darasi saboda Hakimai da malamansu, gama su suka san kowane ƙauye da mutanensa.

Renon marubuci ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A cikin 1933 Dokta R. M. East, shugaban ofishin fassara da talifi na Zariya, ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su ƙaga labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, Ganɗoki na Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Imam kuwa a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. A cikin 1936 aka kawo shi Zariya wata shida, East ya tara masa littattafan labarun Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, domin 'yan makaranta.

Abin lura shi ne irin horon da ya samu. Imam ya faɗa daga baya cewa East ya koya masa kada ya zama bawan kalmomin wani harshe. In ya fahimci magana, sai ya sāke faɗinta da gwanintar Hausa. Shi ya sa labarin da aka haifa a Bagadaza ya fito a bakin aku sanye da rigar Bahaushe. Mai reno ya ba da dabara, amma bakin na Imam ne.

An yi irin wannan a Amurka, inda matsalar ta fi tsanani. A cikin 1965 wata malama, Nancy Larrick, ta ƙidaya littattafan yara 5,206 da aka buga cikin shekara uku, ta sami 349 kaɗai ne akwai baƙin mutum a ciki. Ba a daɗe ba wani yaro baƙar fata na birnin New York, John Steptoe, ya kai zane-zanensa wurin Ursula Nordstrom, shugabar sashen littattafan yara a kamfanin Harper. Ta ƙarfafa shi ya yi labari, ba ta kuwa goge maganar yaran unguwarsu ta sa ta makaranta ba. Littafin, mai suna Stevie, ya fito a cikin 1969, marubucinsa bai cika shekara 20 ba.

To, me malamin Hakimi zai yi in ya sami mai sha'awa, ko malamin firamare ne, ko wata tsohuwa gwanar gatana wadda jikanta zai rubuta mata? Da fari sai ya nuna masa cewa littafin hotuna yana da awo. Galibi shafi 32 ne, domin a maɗaba'a babbar takarda ake ninkewa ta ba da shafi 8 ko 16. Sai a ɗauki falle takwas, a ninke su biyu, a ɗinke tsakiya da zare, ga shafi 32 sun samu. A bar na farko-farko domin suna, a rarraba labarin bisa sauran. Nan ne sabon marubuci zai ga da idonsa cewa ya cika surutu, ba sai an gaya masa ba. Abin da hoto ya nuna, ba a sāke faɗinsa da rubutu. In an zana Gizo yana leƙe ta bayan rumbu, ba amfani a rubuta cewa ya ɓuya a bayan rumbu. A rubuta abin da yake ƙullawa a ransa. Kuma a ajiye abin mamaki a bayan shafi, don yaro ya ƙosa a juya.

Bayan wannan sai gwaji. A tara yara goma a zaure, marubucin ya karanta musu da ƙarfi, malam ya koma gefe yana duban fuskokinsu. Inda suka soma wasa da ƙasa, nan labarin ya mutu.

Wurin da masu reno suka fi yin ɓarna shi ne wurin gyara. Malami ya saba da jan alƙalami, hannunsa yana ƙaiƙayi. In Bafulatani ya kawo labarin nagge, aka mai da ita saniyar turke, aka sāke wa yaron ciki suna daga Jabɓo zuwa Audu don wai ya fi sauƙin faɗi, an kashe abin da aka fita nema. A gyara rubutu da tsawon jimla, amma suna da sutura da gaisuwa a bar wa mai su. In ya fi son ya rubuta da harshensa, a bar shi, a sa Hausa a ƙarƙashi. Haka kuma mai zane: matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, wanda ya zana su da tulu a ka ya jawo wa littafin dariyar yaran da aka yi shi dominsu. Lalle a nuna wa dattawan wurin hotunan tun suna na fensir.

Saura batun haƙƙi. Kafin a kai littafi maɗaba'a a rubuta yarjejeniya, a san rabon marubuci da na mai zane, Hakimi ya sa hannu a matsayin shaida. In daga bakin tsohuwa aka ji tatsuniyar, a rubuta sunanta da na ƙauyenta. Sunan mai reno ba ya hawa bango sai in da hannunsa cikin ƙaga labarin, kamar yadda Jiki Magayi ya fito da suna biyu.