Kafin Ku Taɓa Ɗan Tayi

'Ya'yana masu binciken ƙwayoyin gado, na san yadda ranku ke sosuwa idan kwamitin ɗa'a ya riƙe muku takarda wata da watanni. Ku ɗan saurare ni.

A 1978 aka haifi Louise Brown a Oldham, jaririyar farko da aka haɗa ƙwan mahaifiyarta da maniyyi a ɗakin gwaji. Hankula suka tashi a Ingila, har wasu suka nemi a hana binciken tayi kwata-kwata. Kwamitin Mary Warnock ya ba da shawara a 1984 cewa a bar masana su yi aikinsu, amma kada a raya tayi a ɗakin gwaji ya wuce kwana 14, wajen lokacin da yake daina iya rabewa ya zama tagwaye. Dokar 1990 ta tabbatar da haka, ta kafa hukumar ba da lasisi. Hukumar ce ta ba mai bincike Kathy Niakan izinin gyara ƙwayoyin gadon tayi a 2016, a idon kowa, bisa sharaɗin ba za a dasa shi a mahaifa ba.

He Jiankui na Shenzhen kuwa a ɓoye ya yi nasa. A Nuwamban 2018 ya sanar cewa an haifi tagwaye mata da ya sauya wa ƙwayar gado ta CCR5 da fasahar CRISPR, da nufin kare su daga HIV, alhali akwai tabbatattun hanyoyin kare jariri daga cutar. Abin da ya fi damuna, gyaran da aka yi wa tayi yana iya bin zuriya, kuma babu wanda ya tambayi yaran nan, balle jikokinsu. Kotu ta ɗaure shi shekara 3.

Da fasahar CRISPR ɗin nan dai aka yi Casgevy, maganin sikila da Ingila ta amince da shi a 2023, cutar da kusan kowace unguwa tamu ta san raɗaɗinta. Ƙwayoyin majinyacin ake gyarawa, da yardarsa, bayan gwaji mai tsawo, kuma gyaran ba ya wucewa ga 'ya'yansa.

Doka ma tana tsufa, ban musa ba. Idan kun ga ta takura bincike ba gaira ba dalili, ku fito da hujjojinku gaban 'yan majalisa, malamai da iyayen marasa lafiya. A 2021 ƙungiyar masanan wannan fanni ta duniya ta sassauta matsayinta kan kwana 14, amma ta ce kowace ƙasa ta fara jin bakin jama'arta tukuna.